Kifayen Baban Ƙauna

Litinin, 6 ga Maris 1995

Yau munka dawo da Baban Ƙauna gida. A motar marasa lafiya anka kawo shi, motar da shi da kanshi ya tuƙa shekara da shekaru, yau ga shi kwance a bayanta. Hawan jini ya shanye mishi ɓarin dama, hannu da ƙafa, ya tafi da magana. Abin da ya rage a bakinshi "to" kawai. Likita ta ce mini: "Madam Hulda, aikinki guda ne, shi ci abinci. In bai ci ba, dole mu maido shi mu sa mishi tiyo ta hanci." Na ce ba a sa ma Titus tiyo ina da rai.

Na fiddo gadonshi falo don iska. Ashe kusa da kifayenshi na kawo shi. Tun da anka kwantar da shi bai dubi kowa ba, su yake kallo. Akwatin gilashin nan dai da wata likita Baturiya ta bar mishi da za ta koma ƙasarsu: jajaye huɗu, da ƙanana masu faɗin wutsiya da ban taɓa ƙirgawa ba. Shekaru ina mishi tsiya, kifin da ba ya shiga miya mi amfaninshi? Ɗiyarmu Ƙauna ce ke jefa musu abinci muna jinya a likita, wato asibiti, yau ta koma Keita wurin mijinta. Sun zama nawa ke nan.

Gilashin ya yi kore shar. Ba ni iya barin majinyaci kusa da wagga ƙazanta.

Laraba, 8 ga Maris

Na gyara musu wuri, gyara na gaske. Na kwashe su cikin kwano, na zubar da ruwan duka, na dirje tsakuwar ƙasa da sabulu, na bi gilashin da zabel, ruwan wankin nan mai kashe cuta, kamar yadda muke ma zannuwan ɗakin fiɗa. Shekara ashirin ina wanki a likita, ba a taɓa maido mini da zane ba. Na cika akwatin da sabon ruwan famfo, fes, har kana hango bango ta ciki.

Ina cikin aikin Baban Ƙauna ya yi ta bugun katifa da hannun hagu. Na kawo mishi fo na fitsari, ba shi ba ne. Na juya shi, na gyara matashi, bai daina ba. Allah sarki, kan ya ruɗe.

Akwai wata tsohuwar randa bayan ɗaki da yake barin ruwa cikinta a buɗe. Matattarar sauro. Na tuntsurar da ita na kife.

Alhamis, 9 ga Maris

Ja guda da ƙanana da dama sun mutu. Cikin ruwa mai tsabta! Na kwashe su kafin shi farka.

Asabar, 11 ga Maris

Yunwa ce ina jin. Ɗan gwangwanin garin da yake ba su ya ƙare, ban san ko mi ke ciki ba. Na ba su dussa, na marmasa musu burodi. Sun ci kamar ba gobe, na ƙara. Abin da ke gidana ba ya kwana da yunwa, ko akuya ce.

Shi kuwa da na kawo kunu sai ya miƙo hannun hagu zai karɓi ludayi. Na ce, haba Baban Ƙauna, da hagu? Dattijon ikkilisiya? Ga ni zaune, mi amfanina? Na janye kwanon na ba shi da kaina. Ya sha ludayi kaɗan ya rufe baki.

Talata, 14 ga Maris

Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, ga wari. Na sake shi duka. Bugun katifa kuma. Na ce yi haƙuri, yanzun nan na gama.

Wani ja ya tafi da marece.

Lahadi, 19 ga Maris

Matan zumunta sun zo bayan sujada. Sun yi waƙa, sun yi addu'a, Allah shi saka musu. Amma duk ni suke tambaya: ya kwana? shina ci? shina gane mutane? Shi kuwa ga shi nan kwance idonshi biyu. Tabita matar Fasto ta leƙa akwatin ta ce, "Wai har yanzu kina fama da waɗannan? Ba ki da aiki, Hulda." Na yi dariya tare da su. Da sunka tafi ya juya fuska bango, ya ƙi tuwo, ya ƙi kunu.

Ba ya ci sai in na matsa. In na matsa ya riƙe a baki ya ƙi haɗiyewa. Ina tsoro. Na rubuta a nan don ba ni da wanda zan gaya ma: ina tsoro ƙwarai.

Alhamis, 23 ga Maris

Na lura da wani abu. Da safe idonshi na bin kifayen ɗaya ɗaya, leɓenshi na motsi. Ƙirga su yake. Ni da nake kwashe matattu da sassafe ina cewa bai sani ba.

Jajaye biyu sunka rage. Babban, wanda yake kira Kumandan don shina ture kowa wurin abinci, da wata 'yar siririya. Ran da wani ya mutu, ran nan ba ya cin komi. Na gwada na gani, ba sau ɗaya ba. To in sun ƙare fa?

Na aika ma Ƙauna saƙo da wani shofer mai tuƙa mota zuwa Keita. Tabkunan da froje, masu aikin raya karkara, ta tare can akwai kifi, ta samo mini ƙanana masu rai.

Laraba, 29 ga Maris

Sun iso cikin bido, jarkar ruwa, 'yan karfasa kamar yatsa, rabi sun mutu a hanya. Na juye sauran cikin akwatin, Baban Ƙauna shina barci. Akwatin ya cika, na ji daɗi, har na yi waƙa a madafa.

Ya farka ya duba. Ya daɗe shina duba. Sannan ya dube ni. Kallon nan ban san shi da shi ba, shekara talatin da aure.

Jumma'a, 31 ga Maris

'Yan banzan kifayen tabki! Sun cinye wutsiyar ƙananan, sun bi 'yar siririyar da cizo har ta kwanta gefe ta mutu. Kumandan da kanshi ya ɓuya bayan dutse. Na tsame 'yan tabkin duka na soya, na ci ni kaɗai a tsaye da haushi. Ƙaya ce zalla.

Talata, 4 ga Afrilu

Likita ta zo gida ta duba shi. Ta ɗaga hannunshi, ta ja fatar. A ƙofa ta ce ya rame fiye da yadda take so. Ta ba ni zuwa bayan bikin tashin Almasihu. In babu canji, tiyo.

Na ce mata ina dafa mishi duk abin da yake so. Ta ce ta sani.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Zafi. Kwanon rufi kamar murhu. Ba ni da abin rubutawa.

Asabar, 8 ga Afrilu

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi.

An ɗauke kuran, wutar lantarki, tun hantsi, ɗan injin da ke hura musu iska ya tsaya. Da azahar duk sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Na taɓa ruwan, ɗumi kamar na wankan jego. Na ce bari in ba su sabo mai sanyi. Na ɗebo bokiti a famfo na ajiye gaban akwatin, na koma ɗauko kwano. Ina madafa na ji rim!

Na tarar da shi ƙasa. Ya jawo jiki ya faɗo daga gado, ya ture bokitin da hannun hagu, ruwa ya malale ɗakin, shi kwance ciki, goshinshi ya fashe. Maimakon in ɗaga shi sai na hau faɗa. Na ce kashe ni kake so ka yi? Ba ka ci, ba ka sha, ina wanke ka ina juya ka, ina bautar kifayen da ko kallo ba su ishe ni ba, sakamakona ke nan? Na faɗi abubuwa. Ba zan sa su a takarda ba.

Ihuna ya kawo Balki. Gidansu na bayan shingen likita, ita ke kawo muna fura tun Ƙauna na goye. Mu biyu munka maida shi gado. Ta goge mishi jinin da bakin zanenta, ta dubi bokitin, ta dube shi.

Ta ce, "Malam Titus, ruwan ne ba ka so?"

Ya ce, "To."

"Kar a zuba musu shi?"

"To." Da ƙarfi, har wuyanshi ya tashi.

Ta juyo gare ni. "Uwar Ƙauna, kin taɓa tambayarshi?" Na ce tambayar mi, mutumin da ba ya magana? Ta ce surukarta ta yi shekara biyu haka a Bangi, baki ya tafi amma ko wanda ya taɓa mata goro ta sani. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ta bar ni tsaye cikin ruwa.

Ban zuba ba. Na jiƙa buhu na rufa ma akwatin, don shi ya nuna mini buhun da ido. Na zauna ina ɗebo ruwan da kofi ina tsiyayawa daga sama har kuran ya dawo. Ba wanda ya mutu yau.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ban je sujada ba. Na jawo kujera gaban gadonshi na ce, to Baban Ƙauna, koya mini. In e ne ka ce to, in a'a ne... Ban rufe baki ba ya bugi katifa.

Bugun katifar nan. Tun ran farko.

Na tashi na shiga madafa na ɗan tsaya. Sannan na dawo munka fara.

Ruwan famfo? Bugu. Ko kaɗan? Ya nuna bayan ɗaki. Randa? To. Sai da na yi ta kewaye kafin in gane: maganin da ake sa ma ruwan famfonmu don kashe cuta, shi ke ƙona su. Sai ruwan ya kwana a buɗe cikin randa, warin ya fita. Ni da hancina na san warin, kullum cikinshi nake aiki, ban taɓa kawo shi a raina ba.

A sake ruwan duka? Bugu har sau biyu. Rabi? Bugu. Ya nuna da yatsa a jikin gilashi, ɗan kaɗan daga sama, kamar faɗin tafin hannu. Kullum? Bugu. Ran kasuwa zuwa ran kasuwa? To.

Sabulu? Ya rufe ido. Zabel? Bai ma buga ba, kallona kawai ya yi. Tsakuwar fa, ba a wanke ta? Ya yi alama a ɗauraye cikin tsohon ruwansu. Na ce tsohon ruwa mai datti? To. Na ce koren gilashin fa? Ya nuna gaba, a goge. Ya nuna baya da gefe, a bari. Wai suna ci.

Ya gaji, gumi ya jiƙa shi. Ni ma kaina ya yi zafi kamar na koma aji a lakkwal. Duk abin da na sani a duniya wanki ne, kuma wai shi ne ke kashe su.

Na tada randar na cika. Na ɗaura mata tsohon gidan sauro a baki, wanga kam bai hana ni ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Abinci ya ba mu wuya. Dussa? Bugu. Burodi? Bugu. Gero, dawa, ƙuli-ƙuli, duk bugu. Ya yi ta tsalle da yatsu biyu bisa zane, na ce kwaɗo? Ya yi wani sauti, sai daga baya na gane dariya ce. Rabona da jin dariyarshi tun kafin Kirsimeti.

Balki ce ta warware. Ta ce ai fara ce, wurin ƙanwarta yake saye ran kasuwar Madawa, busasshiya wadda ba a sa ma yaji da gishiri ba, har suna mishi ba'a. Na daka ta da ɗan busasshen zogale, na tankaɗe. Na ɗebo cokali. Bugu. Ya miƙo hagu, ya tsunkuli ɗan abin da ke tsakanin yatsu biyu, ya barbaɗa. Shi ke nan? To. Na ce wallahi rowa ce wagga. Rabin garin ma a kan zanin gado ya zube, na kakkaɓe.

Jumma'a, 14 ga Afrilu

Ruwan ya fara washewa da kanshi. Hannuna na ƙaiƙayi in na ga koren nan a baya. Sai in je in wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ƙananan da sunka rage suna yawo. Kumandan ne bai gamsar da ni ba, shina zama ƙasa, fiffikenshi a naɗe.

Shi kuwa mai su har yanzu ludayi kaɗan. Na yi zaton in kifin sun daidaita zai ci. Lokacin da likita ta ba ni ya kusa.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Tashin Almasihu. Daga nan muna jin waƙa a majami'a.

Na dafa shinkafa da miyar kaza. Na ɗebo a cokali na kai bakinshi, ya rufe. Na ce don Allah, don darajar wagga rana. Ya rufe. Na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da muke yi kan kifi. Shinkafar ce ba ka so? Bugu. Miyar? Bugu. Ba ka jin yunwa? Bugu, da ƙarfi. Kana jin yunwa? To.

Wayyo. Shina jin yunwa. Duk kwanakin nan.

Na ce to mi ne? Ya dubi cokalin, ya dubi hannuna. Ya ɗaga hagunshi.

Uwata ta taɓa fasa mini baki don na karɓi ƙosai da hagu. Da shi ake tsarki. Na zauna kwanon na hannuna, ban san iya daɗewar da na yi ba. Sannan na kawo ruwa da sabulu na wanke mishi hannun har gwiwa, na ɗora kwanon bisa cinyarshi, na fita tsakar gida don ba ni iya kallo.

Da na dawo shinkafa har cikin kunnenshi. Kwanon kuwa ya yi rabi.

Laraba, 19 ga Afrilu

Likita ta zo. Ta ce a ƙara mishi lokaci, ba ta yi maganar tiyo ba. Ban saki jiki ba tukuna, kwana nawa ne duka da ya fara ci.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Tabita ta shigo shina cin tuwo. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "A'a, Hulda, da hagu?" Na ce da wanda Ubangiji ya bar mishi. Ta zauna. Na ji nauyin yadda na faɗa, amma ban janye ba. Da za ta tafi na ce ta yi mishi sallama shi da kanshi, shina ji.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Kumandan ba ya ci. Mun raba shi cikin kwano da ruwan randa da ɗan gishiri, yadda Baban Ƙauna ya nuna. Na tambaye shi ko Kumandan zai tashi. Bai ce to ba, bai buga ba.

Abin da ke cina: in ya mutu, za mu koma gidan jiya? Mutumin nan da ƙyar ya fara maida jiki. Na kama kaina ina ma kifi addu'a wurin wanke-wanke. Ko ya halatta, oho.

Talata, 2 ga Mayu

Da safe na tarar da shi a gefe, ba motsi. Baban Ƙauna na barci. Hannuna har ya kai kan kwanon, in fita da shi in ce na kai shi wurin sanyi, in ja kwana biyu. Na ajiye. Na zauna har ya farka na ce, Baban Ƙauna, Kumandan ya mutu. Na ce wahalar da na ba shi tun farko ce, bai warke daga ita ba.

Ya miƙo hannu na kawo kwanon. Ya tsamo shi da kanshi, ya riƙe a tafin hannu ya daɗe. Hawaye ta ido guda. Ni dai zuciyata na wurin kunun da ke kan wuta, ina cewa shi ke nan, yau ba ci. Ya ba ni kifin. Ya shafa hannu a riga, ya nuna gwangwanin fara, ya barbaɗa ma ƙananan. Sannan ya nuna madafa.

Ya shanye kunun, ya nemi ƙari.

Konjena, hutun da na ɗauka don jinya, ya ƙare, Litinin zan koma aiki. Da na shirya in roƙi wata guda, don wa zan bar ma shi? Na tambaye shi. Bugu. Balki za ta riƙa leƙowa da hantsi, sauran ya nuna shi da kifayenshi sun isa. To. Mu gani.

Sauran da sunka mutu duk kaji na watsa ma, ko a jikina. Wanga na fita da shi tsakar gida, kajin sunka taso, na kore su da ƙafa. Na yi ta tsayuwa da shi a hannu kamar wadda ba ta da aiki. A ƙarshe na tona gindin lemu na sa shi. Ba don komi ba, don kar shi yi wari ne.

Kifin da ba a ci ma. Ban san mi ya same ni ba, sai da na wanke fuska kafin in koma ɗaki.